Na Gan Ka a Bangon Sinima, Yaya Umaru

Zuwa ga yayana Umaru, duk inda takardar ga ta iske shi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙane ga wansa, ina fata kana lafiya, kai da mutanen da kake zaune cikinsu. Mu nan ƙauye lafiya lau, sai zafin rana da ciyawar da ta tasar wa hawasha, gonar audugar da gwamnati ta yanka mana.

Ban san ɗakin da kake kwana ba. Shi ya sa na ba wani direba takardar a buɗe, na ce a yi ta karanta ta cikin Hausawan da ke aikin madatsar ruwa ta Rusairis har mai ita ya miƙe. In ka ji kunya, ka yi haƙuri. Ni ma na sha tawa.

Shekara uku ke nan da ka ɗaure ƙunshinka ka ce mana Makka ka nufa. Munka raka ka har tashar Managil. Tun ran nan ba takarda, ba saƙon baki. Ni ke riƙe da hawasharka da tawa, ni ke ban ruwa, ni ke shan faɗan mufattishi mai duba gonaki in auduga ta yi baya. Inna kuwa, da kunyar ɗan fari ba ta taɓa barin ta kama sunanka ba, ta samu sauƙi: Alhaji take ce maka. Duk ayarin da ya dawo daga Hijaz sai ta aike ni in tambayo ko an ga Alhaji.

Ka san ni da sinima ba mu taɓa shiri ba. Kai ne mai zuwa Madani ka dawo kana kwaikwayon maganar Masarawa a bakin tur'a, hanyar ruwan gonakinmu, muna aiki kana ba mu labari. To, watan jiya na je Madani karɓo wa Inna maganin ido, a lorin Babikir, Balaraben nan da ke kai mutanenmu kasuwa. Da na gama, sai ya ce lori ba ta tashi sai ya ga filim. Na yi magiya, ya ce ko in shigo ko in tsare taya. Na shiga.

Gida ne mai katanga ba rufi, benci jere, kowa na tofar da ɓawon tasali, soyayyun 'ya'yan kankana, a ƙafar ɗan'uwansa. Ana sallame magariba anka kunna. Kafin filim ɗin kansa sai sun nuna wani ɗan guntu na gwamnati. Ran nan aikin madatsa ne: manyan injuna, manyan mutane da farin rawani suna nuna ruwa da yatsa. Sai ga ma'aikata. Sai ga wani dogo da kwanon siminti a ka, ya juyo ya washe baki. Ga wushiryar nan. Ga hannun hagu yana sosa ƙeya, yadda kake yi in Baba ya kama ka.

Numfashi uku, sunka wuce da kai. Ni ban san sa'ad da na miƙe ina kiran “Yaya!” ba. Na baya sunka yi mini ca da Larabci in zauna, wani har da jifa da ɓawo.

Haka na zauna, anka sa mini filim ɗin Masar. Yaya, wanga abu kake yabo? Mutum lafiyayye, gida mai bene, tarho a gefen gado, ba ya noma, ba ya kasuwa, aikinsa ke nan kuka don wata ta ƙi shi. Ya tsaya a taga ya yi waƙa. Ya sauko ƙasa ya sake wata. Ita ma tana son shi, amma bakinta ya ƙi faɗi har anka kusa tashi. Da za a ba ni su biyun rana ɗaya a ciran ciyawa, kafin azahar sun shirya.

Da na dawo gida sai shakka ta kama ni. Masu wushirya ba su ƙare ba a duniya. Na ce ba zan ɗora wa yayana ƙarya a kan numfashi uku ba. Mako na zagayowa na bar ruwa a hannun maƙwabci na sake bin Babikir. Na sake ganin ka. Wanga karo na lura da rigar: ita ce mai facin kafaɗa da Hauwa matarka ta ɗinke maka da baƙin zare. Na ce wa Babikir mu tafi, abin da ya kawo ni ya wuce. Ya ce yau na Indiya ne, ko gobara aka yi ba ya tashi.

Wannan shi ya fi ƙona mini rai. Wai wa da ƙane ne sunka rabu tun suna ƙanana. Shekara ashirin uwar na kuka har ta makance. Ƙanen ya tsaya gida yana wahala da ita, shi kuma wan yana can birni yana rawa a kan tudu da 'yan mata, kowane juyi da sabuwar riga. A ƙarshe ya zo wucewa yana rera wata waƙa, uwar ta gane muryarsa, anka rungume juna, har idonta ya buɗe. Shi ke nan. Ba wanda ya tambaye shi ina ya shiga. Ba wanda ya ce masa, duk shekarun nan ba ka iske mai rubuta takarda ko ɗaya ba? Ƙanen ma da ya ci baƙar wuya, shi ke gefe yana tafi yana murmushi kamar an ba shi sarauta. Na duba Babikir, ƙaton mutum, ga shi yana share hawaye da wutsiyar rawani. Na ce masa mi kake wa kuka, a ba ni wan nan da sandar ban ruwa tukuna, waƙa ta biyo baya.

Na koma na uku, ba zan ɓoye maka ba. Ba don shakka ba kuma; so nike in sake ganin ka. Ran nan na Amurkawa masu dawaki ne. An kashe mutum ya kai goma, ba wanda anka yi wa sutura, dawaki kuma tun farko har ƙarshe ban ga an ba su ruwa ba. Ban san abin da anka yi faɗan a kai ba, ba na jin su ma sun sani.

Kwana ashirin na riƙe maganar a cikina. In Inna ta ce “Ko yanzu Alhaji na ɗawafi,” sai in sunkuya in shiga gyaran igiyar jaki. Na rasa ta inda zan fara.

Ashe ba ni zan fara ba. Ran Talatar da ta wuce motar sinima ta gwamnati ta zo ƙauyenmu, irin mai yawo tana koya wa mutane tsabtar ruwa. Anka kafa farin ƙyalle a bangon makaranta. Kowa ya fito, har mata da tsofaffi. Anka nuna filim na tsargiya, anka nuna na feshin auduga. Sai na ga manyan injunan nan.

Kana juyowa wani ya kwatsa ihu, “La ilaha! Ga Alhaji Umaru da kwano!” Fili ya ɗauki dariya. Wani ya ce ashe Ka'aba ake sake wa gini. Hauwa ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni na so ƙasa ta tsage.

Inna ta dafa sandarta ta miƙe, ta ratsa mutane har gaban mai injin. Ka san Larabcinta bai wuce na gaisuwa ba. Da Hausa ta ce masa, “Ɗana, mai da shi baya.” Na fassara. Ya ce ba a yi, akwai wani ƙauyen a gaba. Ta tsaya nan kawai tana duban shi. Mutumin kirki ne. Ya dube ta, ya dubi agogo, ya juya zaren filim ɗin.

Ta matsa dab da ƙyallen, don idonta ba ya kai nesa. Da ka fito, fuskarka ta fi ta tsawo. Wanga karo ba wanda ya yi dariya. Ta ɗaga hannu ta taɓa inda kumatunka yake, ka wuce, hannunta na kan farin ƙyalle.

A hanyar gida na jira faɗa, ko kuka. Abin da ta ce ke nan: “Ya rame. Ashe kusa yake, ni ina ta duban gabas.”

Yaya, ban san abin da ya tare ka ba. In guzuri ya ƙare a hanya, ba kai ne na farko ba. Rabin ƙauyen nan kakanninsu Makka sunka nufa, nan tafiya ta tsaya musu. In kunyar dawowa ba hajji ke riƙe da kai, to an riga an yi dariyar an gama, ni na shanye maka ita. Har yau ina fushi, kuma in ka zo sai ka ji shi. Amma ina kewarka fiye da yadda zan iya faɗi a takardar da baƙi ke saurare. Ɗiyarka da anka haifa bayan tafiyarka ta fara magana, kuma wushiryarka ta ɗauko.

Ga abin da ya sa na gaggauta rubutu. Shekaranjiya na iske Inna ta daka maka yaji, ta ƙulle shi da busasshiyar kuɓewa cikin tsumma, ta ajiye takalmanta a kai. Ta ce in watan nan ya mutu ba ka zo ba, in kai ta tashar Makwar in sa ta jirgin ƙasa mai zuwa Damazin, garin madatsar, za ta bi ma'aikata ɗaya-ɗaya tana shafa fuskokinsu. Ka san ta. Za ta yi. Kada ka bari tsohuwar nan ta hau jirgi.

Allah Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da ruwa, Ya sassauta maka zuciya, Ya juyo da ƙafarka gida tun tana iya ganin ka. Ya kuma kai mu Ɗakinsa gaba ɗaya in lokaci ya yi. Amin.

Ni ne ƙanenka,
Isiyaku.