Gayyar da Aka Yi wa Gonar Gwajina

Gadarif, farkon Satumba

Zuwa ga maigidana Uzairu, Abban Shaima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da kewa, ina fatan kana lafiya, zafin Bur Sudan bai dafa mini kai ba. Ya aikin tashar jiragen ruwa? Mu nan lafiya lau. Shaima ta fara haƙori, duk abin da ta kama sai baki, har takarduna.

Albishirinka! Ƙungiyar binciken noman nan da na nemi aiki a wurinta ta kira ni. Za su yi mini mu'ayana, wato su tsare ni da tambayoyi, amma ba a ofis ba, a gonar gwajina ta garin Doka, su ga aikin da idonsu. Ofishinsu a nan Gadarif yake. In na samu, sai ka ajiye aikin can ka dawo gida, 'yarka ta daina sanin ubanta a waya kaɗai.

Kafin wannan kira kuwa na sha takaici. Farfesan da ke duba aikina yana can Masar, ta waya yake koya mana yadda ɗalibin digirin dakta ke shirin neman aiki: ka taƙaita tarihin karatunka, ka san amsarka kafin a tambaye ka, ka riƙa murmushi. To na yi murmushin. Amma duk inda na kai takarduna sai a ce ina sakamakon ɗakin gwaji? Wane ɗakin gwajin? Wanda yaƙi ya cinye a Khartum tare da irin da na yi shekaru ina tarawa? Na fito da jaka ɗaya a hannu, su kuma suna tambayata kwalabe. Wallahi wani lokaci sai na ciji leɓe kafin in ba da amsa.

Abin da ya rage mini shi ne filin da Kawu Harisu, yayan Inna, ya ara mini. Na raba shi layi-layi, na kafa turaku masu lamba. Wasu layukan dawar gida ce, wasu irin da nake zaɓa. Sannan na barbaɗa irin wuta-wuta da hannuna, ciyawar nan mai shanye dawa tun daga saiwa. Yanzu ta yi fure ko'ina. Dawar gida ta yi rawaya ta tsuke, irina kuwa yana tsaye kore shar a tsakiyarta. Duk wanda ya tsaya a bakin filin nan ya ga digirina, ba sai na buɗe baki ba.

Kawu ne dai ransa ba daɗi. Wai masu wucewa a manyan motoci suna nuna filin suna dariya, suna cewa ga gonar Daktora. Wai har a ƙofar masallaci ana yi masa ba'a. Na yi masa bayani da Hausa, na sake da Larabci, har muryata ta dishe. Ya gyaɗa kai ya sa mini albarka. Na kuma gaya masa manyan baƙi na tafe, a bar komai yadda yake.

Ka taya ni da addu'a. Inna tana gaishe ka.

Taka har kullum,
Raihana

Gadarif, ƙarshen Satumba

Abban Shaima,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mu jikinmu lafiya, amma ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Sun nome mini gona, Uzairu. Sun nome ta tas!

Na shigo gari in buga takarduna in kuma ɗinka tufar da zan sa ranar mu'ayana. Ina juya baya Kawu ya kira nafir. Gayya sosai, irin ta da: dangi daga Doka, surukansa daga Basunda, har da 'yan gudun hijirar Jazira da ya ba masauki, kowa da fartanyarsa. Ya yanka rago. Suka bi filin layi-layi suka tuge wuta-wutar nan ɗaya bayan ɗaya, suka tara ta a gefe suka cinna mata wuta. Ba su bar ko tsinke ba. Turakuna masu lamba kuwa, da yake suna tare wa masu noma hanya, aka tumɓuke su. Ka san inda suka ƙare? A murhu. Da su mata suka tuƙa tuwon asidar da 'yan gayya suka ci.

Da na sauka daga bas na hango filin, na ɗauka ɓatan hanya na yi. Fes, kamar tsakar gidan amarya. Kawu ya taho da fara'a, tafin hannunsa duk ya yi kanta, yana gaya mini yanzu ba zan ji kunya a gaban baƙina ba. Jira yake in yi godiya.

Ni fa abin da ke ci mini rai ke nan. Suna kirana Daktora tun ban zama ba, suna alfahari da ni a wurin biki, suna tura mini masu ciwon kai in rubuta musu magani, amma kalma ɗaya daga bakina ba ta shiga kunnensu. Da namiji ne ya kafa turakun nan, ko baƙo mai farar mota, wa zai taɓa su? Ni kuwa 'yar ƙanwarsa ce da ya goya, don haka komai na faɗa shirmen yarinya ne da za a gyara mata a bayan idonta. Yaƙi ya cinye mini rabin aiki, na ce ƙaddara. Ragowar kuma ƙauna ta cinye, da rago da guɗa. Wa zan kai wa ƙara?

Ban zage shi ba, kada ka ji tsoro. Na shige ɗakin matarsa na yi kuka har na gode wa Allah. Inna ta ce in yi shiru, mutumin nan da zuciya ɗaya ya yi. Na sani! Da mugunta ya yi ai da na samu sauƙi.

Na kira Farfesa. Ya yi dogon salati, sannan ya ce in nuna musu hotunan da ke wayata, kuma kada in kuskura in ɗora laifin a kan kowa, masu ɗaukar aiki ba sa son haka. Na nemi a ɗaga ranar, sun ƙi.

Ka gaishe da abokan zamanka.

Matarka,
Raihana

Gadarif, Nuwamba

Zuwa ga Abban Shaima,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar kewa, da fatan tarin da ka ce yana damunka ya sake ka. Shaima ta fara tsayuwa da bango. An shiga girbi, gari ya cika da masu neman aikin yankan dawa.

Kada ka ajiye aikinka. Ban samu ba.

Na ƙi gaya maka a waya ne don na san zan fashe da kuka. Mutanen ƙungiyar sun zo, shugabansu wani Dakta Elfadil, mutum mai natsuwa. Kawu ya sha farar jallabiya da rawani, ya shimfiɗa musu tabarma a gindin bishiya, aka kawo jabana, gahawarmu ta nan. Na yi bayanina yadda na shirya, na nuna hotuna. Dakta Elfadil ya dubi wayar, ya dubi filin, ya tambayi ina wuta-wutar, ina lambobin layuka. Kafin in haɗa amsa Kawu ya miƙe da alfahari ya ba su labarin gayyar tun daga yanka rago. Ɗaya daga cikinsu ya kasa riƙe dariya. Shi kuwa Dakta Elfadil cikin ladabi ya ce wannan ciyawar ita ce shaidar aikin gaba ɗaya, babu ita babu abin da za su auna.

Maganar da na yi wata da watanni ina faɗa ke nan, Uzairu, kalma da kalma. Sai da ta fito daga bakin mai farar mota ta shiga. Na ga lokacin da ta shiga. Kawu ya koma ya zauna a hankali. Sun ba wani mutum aikin. Sun ce in sake nema in na samu sakamakon wata daminar, digirin ma sai lokacin.

Na yi makonni ban taka Doka ba. Sai labari ya fara iso ni wai Kawu Harisu ya taɓu. Wai ana ganinsa a gonakin mutane da buhu, yana roƙon a bar shi ya tsinki kawunan wuta-wutar da ta bushe. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ƙona ta!

Shekaranjiya ya zo gidan Inna, ya dire buhun a gabana, cike da irin wuta-wuta. Ya ce filin da ya ara mini gefen hanya yake, jama'a ba za su bar shi ba. Baɗi in yi gwajina a gonarsa ta bayan rafi, shi zai yi gadinta da kansa. Ka san gonar nan, ita ke ciyar da gidansa. Ya fi ni sanin cewa in irin nan ya shiga ƙasa sai ya yi shekaru yana cin dawar mai gona. Na gaya masa haka. Ya ce ya sani, wannan karon ya ji.

Har yanzu ina fushi. Shekara guda ta tafi, kai kana can, mu muna nan. Amma jiya a kasuwa na ji wani mai awo yana kwaikwayon yadda Kawu ke tsintar ciyawa, mutane na dariya, sai da na tara masa jama'a. Mahaukacin da yake faɗa shi kaɗai ne a dangina ya san abin da nake yi.

Na karɓi buhun, da sharaɗin kusurwa ɗaya ta gonar kawai zan taɓa. Yana nan na rataye shi a inda hannun Shaima ba zai kai ba. In ka samu hutu ka taho mini da fenti ja, zan yi sababbin turaku, na ƙarfe.

Inna tana gaishe ka. Kawu ma ya ce in gaishe ka, in kuma ba ka haƙuri, shi ya ƙara maka shekara a bakin teku.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Matarka mai jiranka,
Raihana