Rahoton Ƙarfe Tara

Laraba, da dare.

Na dawo daga Gammo, wajen sadakar ukun Yaya Kabiru. Ban yi kuka ba, ban kuma ci abinci ba.

Shi ya koya mini sa matacin saƙonnin banza a sabar imel ɗin makarantarmu, wato kwamfutar da ke karɓar saƙonninmu, na saita ta kullum ƙarfe tara ta turo mana rahoto mu biyu. Da na tambaye shi abin da zan rubuta a ƙarshe, dariya ya yi ya ce, "Hauwa, sa 'Komai lafiya' kawai."

Ɗazu waya ta yi ƙara. Rahoton ne: An tare saƙo sha ɗaya. Komai lafiya.

Layi ɗaya zan goge a saitin rahoton, adireshinsa ya fita. Na buɗe, na kalli layin, na rufe. Gobe ma sabar ta tura masa.