Sunan da na kasa faɗa ya tsare digirin ɗana

Zuwa ga Mai Girma Magatakardan Jami'a,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ranka ya daɗe, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ni mace ce daga Kusfa, cikin birnin Zariya, ɗinki ne sana'ata. Ban ambaci sunan jami'arku ba, domin ba tozarta ku na zo yi ba. Na fito fili ne saboda sau uku ina aiko da takarda ofishinka, ko ɗaya ba a amsa ba.

Ɗana na fari ya gama karatun lissafi a wurinku shekara biyu ke nan. Karatun shekara huɗu ne, yajin aiki ya mayar da shi shida, muka haƙura. Ya ci jarrabawarsa duka. Amma har yau babu takardar digiri, babu sunansa cikin masu tafiya bautar ƙasa, wai sunansa bai dace da sunansa ba.

Na farko, bari in faɗi inda kuskuren ya fito, don nawa ne. Sunan surukina aka raɗa wa yaron, ga shi kuma ɗan fari. Ka san al'adarmu: kunya biyu ta hau kaina, bakina ba ya furta wannan suna. Abba muke ce masa. Ranar da za a sa shi firamare mahaifinsa yana wurin aiki a wani gari, ni na kai shi. Hedimasta ya tambayi sunansa, na sunkuyar da kai na ce Abba. Dattijon ya gane, ya yi murmushi, ya rubuta. Wallahi a ranar gani nake mutunci ya yi mini. Abban nan ya bi shi sakandare, ya hau takardun jarrabawarsa, da shi kuka ɗauke shi. Shi kuwa mahaifinsa, da aka zo yin katin ɗan ƙasa, sai ya ba da sunan yanka, kamar yadda kowane uba zai yi. Yana aji uku kuka koma yin komai ta intanet, kuka ce sai an haɗa da lambar katin. Daga ranar kwamfutarku ta raba mini ɗa gida biyu.

Na biyu, babu abin da aka ce mu yi da ba mu yi ba. An ce a buga sanarwar gyaran suna a jarida, mun buga. An ce a kawo takardar mai unguwa, mun kawo. An ce sai uwa ta yi rantsuwa a kotu, na je. Ranka ya daɗe, a gaban mutane aka ce in faɗi cikakken sunan ɗana da ƙarfi. Shekara ashirin da bakwai ban taɓa faɗa ba, ko ni kaɗai a ɗaki. Na faɗa. Sai da na ji kamar na tsaya ba mayafi a tsakiyar kasuwa, kuma yaron yana tsaye a bayana yana ji. Muka kawo takardar ofishinku, wata ma'aikaciya ta karɓa ko dubawa ba ta yi ba, ta ce su ba sa iya taɓa abin da ke cikin kwamfuta, sai daga sama. Muka tambayi ina ne saman, aka tura mu sashen intanet. Can aka ce netwok ya ɗauke. Da ya dawo, aka ce mai riƙe da lambar sirrin kwamfutar ya tafi kwas. Haba! To na tona wa kaina asiri a kotu don me?

Na uku, shi ne abin da ya hana ni sukuni. Wayar ɗana tana ta samun saƙonninku. An taya Abba murnar kammalawa. An gayyaci Abba bikin yaye ɗalibai, har sunansa ya fito a littafin bikin, abokinsa ya kawo mana muka gani. Amma Abban nan ba shi da katin ɗan ƙasa, don haka ba za a ba shi takarda ba. Mai katin kuma, wanda ke kwana a gidana, kun ce bai taɓa zama ɗalibinku ba. Da farko yaron dariya yake yi, yana cewa Abba ya gama jami'a ya bar shi a zaure. Yanzu ya daina dariyar. Mahaifinsa ya rasu bara. A ciwon ajalinsa ya tambaye ni ko takardar ta fito, na ce tana hanya. Ƙarya na yi wa mijina, ya tafi da ita, Allah ya yafe mini.

Tun bayan sadakar arba'in yaron ya daina amsa Abba. Ba rashin kunya ba ne, yaro ne mai ladabi. In na kira sai ya waiwaya bayansa, kamar akwai wani a tsaye da ake nufi. Ɗayan sunan kuma har yanzu ba ya fita daga bakina. Gida ɗaya muke, amma ba ni da sunan da zan kira ɗana. Sai in buga ƙofarsa in ce kai, ga abinci. Ina jin tsoro, ranka ya daɗe. Tsoro nake ji ƙwarai.

Kada ka ɗauka mu kaɗai ne. A layin ofishinku na haɗu da Ummi, da Baba, da Halifa, kowa riƙe da takardar kotu. Waɗanda suka tsara muku wannan na'ura ba su tambayi yadda muke kiran 'ya'yanmu ba. Ban ƙi ci gaba ba, amma a da ma'aikaci yakan dubi fuskar yaro ya ce ai shi ne.

Roƙona guda biyu ne. A sa mutum ɗaya mai ikon gyara, mai ofis da ƙofa, wanda uwa za ta iya zama a gabansa ta yi bayani. Sannan a kira ɗana, a duba hotonsa, a kira malaman da suka koyar da shi shekara shida su shaida. In kuwa kwamfutarku ta nace mutum biyu ne, to ku zaɓi ɗaya ku ba shi takardarsa, ku sanar da ni wanne ne, in san wanda zan riƙa kira.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama aikinka lafiya, ya raya maka zuri'a, kada ya nuna maka ranar da za ka kira ɗanka ya waiwaya yana neman wani.

Wassalam.

Hajiya Rabi,
Kusfa, cikin birnin Zariya.