Batirin da Ka Aiko Mini

Mashigin Kogi,
Ƙasar Tudun Wada.
Damina, 1957.

Zuwa ga ƙanena Dikko, a Lakwaja.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kana lafiya, kai da iyalinka A'isha. Mu nan alhamdu lillahi, dawa ta yi kyau, Inna ta warke daga ciwon ƙafa. Baba kuwa idon nasa ya ƙarasa rufewa, amma kunne garau.

To, Dikko, da ɓacin rai nake rubuto maka. Ka san Baturen kuza na Riruwai ya bar mini injin kwalekwalensa da zai koma gida, igiyar tayarwa a lalace, sai da batir. Na ce ka zaɓo mini, tunda shekararka bakwai kana wanke injin jirgi. Ka aiko da wani ƙato a kwali mai zane, ka ce kada in taɓa shi sai ranar aiki don kada wutar ta ƙare, har da cewa in jefar da gorar tuƙin Baba, zamaninta ya wuce. Ni kuma wawa na bi maganarka, na ajiye shi a ɗaka kamar kayan amarya.

Ranar kasuwa kogi ya cika maƙil. Na yi shela, har Dagaci ya zo kallo. Na ɗauki mutum tara da kayansu, na jingine gora a gindin ɓaure, aka tura mu. Na danna, shiru. Na sake dannawa, ko tari injin bai yi ba. Ruwa ya kwashe mu yana juyi da mu, mata na salati, sai da wani tsibirin yashi ya tare mu. Gishirin Goggo Halima buhu guda ya narke, ita kuma tana jiƙe sharkaf tana tambayata ko wannan ne abin da ɗan Lakwaja ya aiko. Allah Ya tsare ba a rasa rai ba. Amma kunyar da na sha, ko maƙiyi ba na yi masa fatanta.

Washegari na kai wa Balarabe, direban motar kuza. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce wannan batirin rediyo ne, busasshe, wutarsa kaɗan-kaɗan take fita don magana da waƙa. Inji kuwa mai ruwa yake so, irin na mota, wanda ke ba da ƙarfi gaba ɗaya. Ya duba injin ya ce batir mai murfi uku a ka yake so, ba mai shida ba. Ashe girma da kyan kwali ka duba! In ba ka sani ba, bakinka ciwo yake yi da ba za ka tambaya ba? Matambayi ai ba ya ɓata.

Yanzu mutane sun guje ni. Dagaci ya ce in ban gyara ba kafin kasuwa uku, zai ba gidan Labaran mashigin nan, wanda Baba ya riƙe shekara talatin ba a taɓa jin kansa ba. Na koma ga gora, tafin hannuna duk ya yi kanta. Ka nemo mai murfi uku, a ɗauko shi a tsaye kada ruwan ya zube, ka gwada shi a inji da hannunka kafin ka ba kowa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baba. Mun ɓoye masa. Kullum da safe sai ya sa a zaunar da shi a ƙofar gida, ya karkata kunne wajen kogi, ya ce yau dai zai ji kukan injin Dikko. Sau shida ina ce masa iska ce take kai ƙarar gabas. Ba zan yi masa ƙarya ta bakwai saboda kai ba.

Inna da matata Tasalla suna gaishe ka. Ka gai da A'isha da yara. Goggo Halima ta ce kada in sa gaisuwarta.

Ni ne yayanka,
Gwadabe mai fito.