Kunnen Yaya Usman

Daren Alhamis, unguwar Ƙurban

Shekara ashirin muna buga karta da yayana Usman, wanda aka cinye shi ke dafa shayi. Ban taɓa gaya masa sirrina ba: in katinsa ba kyau amma yana cika baki, sai ya sosa kunnen hagu.

Yau, bayan ya dawo daga asibiti, ana cikin wasa na ce, "Yaya, me likita ya ce a mustashfa?"

Ya ce, "Ba komai, alhamdu lillahi. Yalla, raba mana." Sai ya sosa kunnen.

Na bari ya cinye ni sau uku, na dafa shayin. Na kira matarsa, ta ƙi ɗauka.

Ya Allah, yau dai ka sa ƙaiƙayi kawai kunnen yake yi masa.