Maganin Ƙafar Asabe

Unguwar Television, Kaduna
Yuni, 1999

Zuwa ga maigidana, Baban Judith,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da sauran sojojinmu a can Saliyo. Yaya aiki, yaya kuma cikin nan naka da ba ya jituwa da shinkafa? Mu dai muna nan, da godiya.

An sallame ni daga asibiti. Kada ka yi saurin murna, sallamar ƙarasa jinya a gida ce, ba ta warkewa ba. Na gaya maka a baya cewa wurin da aka sa mini ƙarfe, bayan ɗan acaɓa ya kwashe ni a bakin kasuwa, ya fara ruwa. Ashe ba ƙaramin abu ba ne. Ƙwayar cuta ce ta shiga ƙashi, irin wadda ba ta jin magani. Babu allurar da ba a yi mini ba, mazaunaina sun zama kamar rariya. Sai da aka ɗebi mugunyar aka auna, sannan aka gano magani guda ɗaya tak da take tsoro, wani kafso ja da baƙi da ake aikowa daga Legas. Likita ya ba ni na wata uku, ya ja mini kunne kada in tsallake ko sau ɗaya. Ya ce idan cutar ta farfaɗo a cikin ƙashin, maganar yanke ƙafa za a yi. Bai ɓoye mini ba, ni ma ga shi ban ɓoye maka ba.

Mahaifiyarka ta zo daga Zonkwa, kuma gaskiya Mama ba ta da na biyu. Ita ke yi mini wanka, ita ke dama kunu, ita ke riƙe da kwalbar maganin a cikin akwatinta, safe da yamma ta kawo mini da hannunta. Halinta dai yana nan, ba wanda zai shigo ya fita hannu wofi. Accar da ta zo mini da ita, kafin in ɗanɗana sau uku rabin buhu ya bi gidajen mutane. Ayabar da wani ya kawo mini dubiya, mai zuwa bayansa ke tafiya da ita.

Abin da ke ci mini rai shi ne maƙwabta. Tunda aka ji cewa cutata ba ta jin magani, na zama dodo a gidan hayar nan. Maman Tony, wadda muke cin tuwo a kwano ɗaya, daga bakin ƙofa take leƙo ni, ta toshe hanci da gefen zani tana yi mini sannu. An ware bokitina a bakin famfo. Nas ta ce wanke hannu kawai ake bukata, ba a iska take bi ba, amma wa zai saurara? Surutu ya yi yawa har na tura Judith wurin ƙanwata Vivian a Unguwar Romi, don an hana yara wasa da ita.

An ce gwamnatin farar hula za ta dawo da ku gida. A rediyo nake jin ta, kamar yadda nake jin komai yanzu. In da gaske ne, ka zama na farko a layi.

Mama tana gaishe ka da kyau.

Ni ce matarka,
Asabe

Unguwar Television, Kaduna
Yuli, 1999

Baban Judith,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Gaisuwar ta yi gajarta yau, ka yi haƙuri da ita, cikin fushi nake.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, Maman Tony ta shigo har cikin ɗakina, ta zauna a bakin gado. Na ɗauka Allah ne ya taɓa zuciyarta. Ashe godiya ta zo yi. Wai marurun da ya hana mijinta zama ya fashe, albarkacin maganina. Na tambaye ta wane magani. Ta ce ai maganin Legas, wanda Mama ke taimaka wa mutane da shi, duk unguwa ana sa mini albarka.

Alexander, ka ji da kyau. Labari ya bazu cewa ina shan maganin da ya fi ƙarfin cutar da ta gagari asibiti. Sai kowa ya lissafa cewa abin da ya kayar da wannan, ai ƙaramin ciwo ba zai tsaya masa ba. Baba Wilson mai gyaran rediyo ya karɓa don ciwon haƙori. Wata ta karɓa don gudawar ɗanta. Mai shayin bakin titi ya karɓa don sanyin ƙashi. Akwai wadda ta karɓa ba ta da ciwon komai, ajiya za ta yi saboda gaba. Mutanen da ba za su iya taɓa bokitina ba, su ne ke bin bayan ɗaki suna miƙa wa Mama hannu. Cutata abin ƙyama, maganina kuwa na kowa da kowa!

Na kira Mama na ce ta kawo kwalbar. Ta kawo ta cike, tana murmushi, don ita a ganinta ta riƙe amana. Ta ce ko ɗaya ba ta rage mini ba. Duk wanda ta ba wani, sai ta je kemis ta sayo madadinsa da kuɗin goronta ta zuba, kamar yadda ake aron mudun masara a biya da mudun masara. Har mai kemis ɗin ta sa ya zaɓo mata ja da baƙi daidai. Na zazzage su a kan tire na duba rubutun jikinsu. Yawancinsu wannan kafson ne na ko'ina, wanda aka fara ɗirka mini a asibiti cutar ta yi masa dariya. Shi nake ta haɗiya safe da yamma, ban san tun yaushe ba. Mama ma ba ta sani ba.

Na yi mata ihu. Tun da na shigo gidanku ban taɓa ɗaga mata murya ba, amma ranar duk gidan sun ji ni. Ina gaya maka da kaina kafin wani ya riga ni, kuma ba neman gafara nake yi ba. Na gaya mata abin da likita ya faɗa tun ranar farko, a gabanta ma ya faɗa. Amsar da ta ba ni ita ce, yaya za a yi mutum ya zo da ciwo, abu yana hannunta, ta ce babu? Na ce to ni fa, ba mutum ba ce? Sai ta ɗauki tsintsiya ta fita.

Kwalbar tana ƙarƙashin matashina yanzu. Na gaskiyar da suka rage ba su da yawa. Kuma tun makon jiya ƙafar take yi mini zogi, na yi ta cewa damina ce.

Ka sa ni a addu'a.

Matarka,
Asabe

Unguwar Television, Kaduna
Agusta, 1999

Zuwa ga Baban Judith,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarka ta iso. Na gode Allah da kake lafiya, na kuma ji daɗi da ka ce an fara kiran sunayen masu dawowa.

Sauran abin da ka rubuta kuwa, na karanta sau biyu ko zan ga inda ka tambayi ƙafata. Ban gani ba. Na ga inda ka ce Mama tsohuwa ce, niyyarta mai kyau ce, in yi haƙuri, in durƙusa in ba ta haƙuri. Da wace gwiwar zan durƙusa, Sajan? Kai da aka koya wa kada ka ba kowa aron bindigarka, ko abokinka na ƙut da ƙut, kai ne ba ka gane abin da aka yi mini ba? Wa ya ce niyyarta ba kyau? Ai da mugunta ce da na fi samun sauƙi, sai in tsane ta in huta.

Bakin ciwon da ya rufe ya sake buɗewa. Zazzaɓi yana zuwa da yamma, bandeji ba ya yini bai jiƙe ba. Vivian ta ɗauko mota ta kai ni asibiti. Da likita ya ji labarin sai ya cire tabarau. Ya ce za a sake aikawa Legas, amma ba yau ba ne ba gobe ba, kuma babu tabbacin cutar za ta ƙara jin tsoron maganin, tunda an ba ta shi tsinke-tsinke ta saba.

Mama tana wurin, ta ji komai. Da muka dawo ba ta ko zauna ba. Ta ɗaura ɗankwali, ta ɗauki kwanon sha, ta bi gida gida tana roƙon a dawo mata da abin da ta bayar. Ka san mahaifiyarka. Matar da ko allura ta ba da aro ba ta iya tambaya, ita ce ke tsaye a ƙofar mutane tana neman kyautarta. Wasu sun ɓata rai, wai ba a taɓa ba mutum abu a dawo karɓa ba. Wata ta ce ai ta farke nata ta barbaɗa a gyambo. Maman Tony ta rantse babu saura, alhali ɗanta ya gaya wa Mama yana cikin gwangwanin madara.

Sauran kuma, don kada su kunyata tsohuwa, kowa ya shiga ɗaki ya kwaso abin da yake da shi. Ta dawo da yamma kwanon ya cika har yana zuba, fari da rawaya da kore, na ciwon kai, na tsutsar ciki, na ƙarin jini, har da na tsarin iyali. Ta ajiye a gabana tana haki, fuskarta da haske, ta ce ga shi an dawo da fiye da abin da ta bayar. Na zauna na tsince su ɗaya bayan ɗaya tana kallona. Nawa na gaskiya bai kai na kwana biyu ba. Ta tambaye ni wanne zan fara sha.

Wannan karon ban yi ihu ba, kuka na yi, ita ma ta yi. Amma kada ka ɗauka mun shirya.

Jibi zan koma gadon asibiti. Za su buɗe ƙafar su kankare ƙashin, abin da suka tarar shi zai nuna abin da za su yi. Ina jin tsoro, Alexander. Ban gaya wa kowa ba sai kai.

Taka,
Asabe

Unguwar Television, Kaduna
Nuwamba, 1999

Maigidana, Baban Judith,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikinka, yaya shirin tahowa? An ce kafin Kirsimeti za ku sauka. Allah ya kawo ku lafiya. Judith ta dawo gida, ta yi tsawo, tana tambayar tsarabarta.

Vivian ta riga ta rubuta maka, don haka ba sai na yi dogon bayani ba. Daga ƙasan gwiwa suka cire. Dungulmin yana warkewa, ina koyon tafiya da sanduna, na faɗi sau da yawa amma ban fasa ba. Wani lokaci yatsun da babu su suna yi mini ƙaiƙayi, in kai hannu in sosa katifa.

Maƙwabta sun dawo. Tunda cutar ta tafi da ƙafar, kowa yana shigowa har ƙurya, a zauna a ce mini haka Allah ya so. Baba Wilson har da yi mini wa'azin Ayuba, da wannan bakin da haƙorinsa ya warke. Na ce wa Vivian ta riƙa cewa ina barci.

Yanzu ga maganar takardarka. Ka ce in gaya wa Mama ta tattara kayanta ta koma Zonkwa kafin ka iso, ba ka son ka sa ta a ido, ta cuci matarka. Sannu da fushi, Sajan. Sa'ad da ƙafar take jikina, ana iya ceton ta, haƙuri ka aiko mini. Yanzu da aka binne ta ka aiko da oda. Ban karanta wa Mama ba, kuma ba zan karanta ba. Da ta tambaya na ce kana gaishe ta.

Ba ka ga yadda ta koma ba. Ta rame, ba ta zuwa zumuntar mata, ba ta zama a tsakar gida. Ko gishiri aka zo nema sai ta shigo ta tambaye ni tukuna, abin har haushi yake ba ni. Kafin in iya riƙe sanduna, ita ke goya ni zuwa banɗaki, tsohuwar da na fi ta nauyi, ina jin ƙashin bayanta a ƙirjina. Ba na ce mata na gode, ita ma ba ta jira in ce.

Akwai abin da likita ya gaya mini ranar sallama. Ya ce cutar tana da taurin kai ƙwarai, ko da na sha maganin daidai, ba mai iya rantsuwa cewa ƙafar za ta tsira. Na san in Mama ta ji wannan za ta samu ta ci abinci. Ban gaya mata ba tukuna. Zan gaya mata, amma sai ranar da na ga dama, kuma da bakina.

Ban yafe mata ba, kada ka yi zaton haka. Sai dai ba inda za ta je. In ka iso, ka durƙusa ka gaishe da mahaifiyarka yadda ka saba, ka ci tuwon da ta tuƙa. Kada ka taya ni faɗa, kada kuma ka ba ni haƙuri. Fushin nan nawa ne ni kaɗai, da ƙafata na saye shi.

Allah ya tsare hanya.

Ni ce matarka,
Asabe Alexander