Bahaguwa a Ɗakin Tiyata

Litinin, 3 ga Maris

Yau ma Tsoho ya karɓe allura daga hannuna ina tsakiyar ɗinki, a gaban kowa. Shi ne babban likitan sashen mata da haihuwa, to sai me? Wai, "A ɗakina ba a ɗinki da hagu." Shekara talatin da ɗaya ina bahaguwa ban kashe kowa ba. Saura tiyatar ciro jariri shida ya sa mini hannu a littafin horo kafin wata ya ƙare, in ba haka ba jarrabawar ƙwarewa sai baɗi. Ya sani sarai. Mugunta ce kawai.

Alhamis, 6 ga Maris

Ƙulli ɗari biyu na yi da hannun dama a ƙafar kujera, ina koyo. Na zare igiyoyin takalman maigidan duka. Ya ce to gobe da silifa zai je ofis? Ban yi dariya ba.

Asabar, 15 ga Maris

Umma a waya: "Sannu ba ta hana zuwa." Na ce sai dai a daɗe, ni kuwa lokacin ne ba ni da shi. Ta ce dama tun ina ƙarama kaina tauri. Ita ma ɓangarensa ta ɗauka.

Talata, 18 ga Maris

Na yi tiyata da hannun dama daga farko har ƙarshe. Awa ɗaya da minti ashirin, gumi har cikin takalmi. Tsoho yana tsaye yana duban agogo. "Likita, ɗinki kike ko saƙa?" Bai sa hannu ba. Kamar in jefe shi da almakashi.

Wajen wanke hannu babbar nas ta raɗa mini: "Ƙanwata, likitan hawa na biyu ba ya duba littafi, sa hannu kawai yake. Kai masa."

Zan kai, wallahi.

Laraba, 26 ga Maris

Da hantsi. Mace, haihuwa ta biyar. Ina ciro yaron mahaifa ta yage ta gefe, can ƙasa, jini kamar an buɗe famfo. Tsoho yana ɗaya ɗakin. Na ce yau dai da haguna. Sau biyu ina kai allura, daga inda nake tsaye ba ta shiga lungun. Mai ba da maganin barci yana ta cewa jininta na sauka. Ban san lokacin da na sauya hannu ba. Ƙullin ya kama.

Ashe Tsoho ya shigo yana bayana. "Goge in gani." Na goge. A bushe. Ya sa hannu a layi ɗaya ya fita, ko sannu babu.

Ɗaya. Saura biyar.

Juma'a, 28 ga Maris

Na yi kuka a ɗakin canza kaya. Na haushi ne.

Litinin, 31 ga Maris

Ƙarfe huɗu ake rufe karɓar littafi. Uku da rabi ina ƙofar likitan hawa na biyu, ina jin muryarsa a ciki. Na tsaya har ƙafata ta gaji. Sai na sauko, wai in duba matar da na yi wa tiyata ranar Laraba kafin a sallame ta. Tana shayarwa, tana yi wa mijinta faɗa ya manto zanin goyo. Ba ta ma gane ni ba. Na zauna na rubuta mata magani, a hankali, har huɗu ta wuce.

Jarrabawa sai baɗi ke nan. Ban gaya wa kowa ba tukuna.

Gobe tiyata biyu da Tsoho. Har yanzu ba na ƙaunar mutumin nan ko kaɗan. Bakwai da rabi ya ce, zan je bakwai.